Yadda tawaga ke shiga gasar Morse ta masu sha'awar rediyo

A ƙarshen makon ƙarshe na watan Nuwamba, duk wanda ya murɗa rediyo mai kama gajeren zango zuwa wajen kilohaz 14,025 zai ji ƙararrakin ɗigo da ja sun cika wurin, babu masaka tsinke. Gasar CQ World Wide ce ta ɓangaren Morse, wadda masu sha'awar rediyo masu lasisi suke yi a duk duniya. Tana farawa ƙarfe 00:00 na Asabar agogon GMT, ta ƙare 23:59 na Lahadi, awa 48 cur. A agogon Najeriya da Nijar, daga ƙarfe ɗayan daren Juma'a wayewar Asabar ke nan, har zuwa ɗayan daren Lahadi wayewar Litinin. Mutum ɗaya yana iya shiga shi kaɗai, amma manyan makin suna fitowa ne daga tashoshin da mutane da dama suka haɗu suna aiki da lambar kira guda. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka cewa ƙarin mutane da ƙarin rediyo ƙarin maki ne kai tsaye. Ba haka abin yake ba. Da zarar an kunna na'urar watsawa ta biyu a fili ɗaya, babban mai hana tawaga ji ya zama ita kanta, kuma yawancin aikin shiri yana tafiya ne wajen hana 'yan gida toshe wa juna kunne.

Sai an fahimci lissafin maki kafin a gane dalilin da ya sa ake raba aiki yadda ake rabawa. Ana amfani da zanguna shida: mita 160, 80, 40, 20, 15 da 10. Kowace tasha ana iya hulɗa da ita sau ɗaya a kowane zango. Abin da ake musaya gajere ne ƙwarai, wato rahoton ƙarfin sigina da lambar shiyya. An raba duniya shiyya 40. Najeriya, Nijar da Ghana suna shiyya ta 35, Kamaru da Chadi ta 36, Sudan ta 34, yammacin Turai ta 14, Japan ta 25. Hulɗa da wata nahiya maki 3 ne, da wata ƙasa a nahiya ɗaya maki 1 (a Arewacin Amurka 2), da ɗan ƙasarku kuma sifili. Sannan akwai ninki: kowace sabuwar ƙasa da kowace sabuwar shiyya a kowane zango ninki ɗaya ce. A ƙarshe ana ninka jimillar makin hulɗa da jimillar ninki.

A ɗauki misali don a ga nauyin kowanne. Tawaga tana da makin hulɗa 15,000 da ninki 600, wato miliyan 9. Ƙarin hulɗa ɗaya mai maki 3 zai kawo mata 1,800. Ƙarin ninki ɗaya zai kawo 15,000, daidai da hulɗa takwas da ɗoriya. Idan mai aiki yana samun mutum uku a minti, to minti uku ne kawai ya cancanci ya ɓata yana bin wannan ninkin. In ya wuce haka, asara yake yi ko da ya samu. Wannan lissafin shi ne ya haifar da rabon aiki gida biyu: mai zaman kira, wanda ke riƙe gurbi ɗaya yana kiran CQ, wato kiran duk mai ji ya amsa, mutane suna zuwa masa, da mafarauci, wanda ke yawo cikin zango yana neman ƙasashen da ba a samu ba tukuna. Kamar mai shago ne da ɗan talla, ɗaya ba ya barin wurinsa, ɗaya ba ya zama.

Tsarin makin nan ne ya sa yammacin Afirka ya zama wurin da tawagogi ke kwaɗayi. Mafi yawan masu shiga gasar suna Turai da Arewacin Amurka, kuma duk wanda ke zaune a shiyya ta 33 (arewa maso yammacin Afirka) ko ta 35 yana karɓar maki 3 daga dukkansu, alhali Bajamushe da ya yi hulɗa da Bafaranshe maki 1 zai samu. Shi ya sa tashoshin Maroko, tsibiran Kanari, Madeira da Kef Bade suke yawan fitowa a saman jeri. Wata ƙungiya ta Turawan Ingila da Amurkawa mai suna VooDoo Contest Group ta yi shekaru tana ɗaukar kayanta daga ƙasa zuwa ƙasa a yankin, ta yi gasar daga Ghana da Togo da Burkina Faso da Mali, kuma a 2003 da 2004 ta yi ta daga Yamai da lambar kira 5U5Z.

Rukunan tawaga uku ne aka fi sani, kuma dokar kowanne ita ke tsara yadda za a gina tashar. A rukunin mai watsawa ɗaya, siginar zaman kira guda ce, kuma in ta shiga zango sai ta yi minti 10 kafin ta bar shi, ana ƙirgawa daga hulɗar farko. An yarda da sigina ta biyu a wani zango daban, amma da sharaɗi biyu: ba za ta kira CQ ba, kuma ba za ta yi hulɗa da kowa ba sai wanda yake sabon ninki. Ita ma tana da nata minti goman. A rukunin masu watsawa biyu, sigina biyu suna aiki a zanguna daban-daban, kowacce tana da damar sauya zango sau 8 a cikin awa ta agogo, daga minti 00 zuwa 59. A nan ne sababbi ke faɗawa rami, domin zuwa mita 80 daga mita 40 da dawowa sauyi biyu ne, ba ɗaya ba. Rukuni na uku shi ne na manya, sigina ɗaya a kowane zango, shida a lokaci guda. A duka ukun ƙarfin wuta ba ya wuce wat 1,500, kuma dole na'urorin watsawa da na karɓa su kasance cikin da'irar da faɗinta bai wuce mita 500 ba.

Wannan mita 500 ɗin ita ce tushen wahalar. Zangunan masu sha'awar rediyo suna da dangantakar ninki a tsakaninsu: 3.5 sau biyu 7 ne, 7 sau biyu 14, sau uku 21, 14 sau biyu 28. Kowace na'urar watsawa, komai kyanta, tana fitar da ɗan ragowar sigina a ninkin gurbin da take kai. Saboda haka wanda ke kira a kilohaz 7,025 yana jefa ƙara a 14,050 da 21,075 da 28,100, wato a kan abokan aikinsa uku. Wannan matsala ta farko ke nan. Ta biyu ta fi haɗari: ainihin siginar wat 1,500 da ke fita daga eriya ɗaya tana shiga eriyar da ke kusa, ta gangaro ta kebul zuwa bakin rediyon maƙwabci, wanda aka ƙera don jin siginar da ba ta kai ɗaya cikin biliyan na wat ba. In ta yi yawa rediyon ya kurumce, in ta wuce haka ta ƙona masa kayan ciki. Don a sauko da wat 1,500 zuwa kashi ɗaya cikin goma na wat kawai, ana bukatar ragin desibel 42, kuma wannan kare na'ura ne daga ƙonewa, ba a ma zo maganar jin raunanan sigina ba.

Ana tara wannan ragin ne daga wurare uku. Na farko tazara da fuskantar eriya: a nisanta su iyakar yadda fili ya bari, kada wata ta kalli wata, kuma eriya a tsaye da eriya a kwance ba sa ɗaukar juna sosai. Na biyu matatar zango, akwati mai barin zango ɗaya ya wuce ya tare sauran. Ƙananan, masu ɗaukar wat 100 zuwa 200, ana sa su tsakanin rediyo da amfilifaya, suna kare kunnen rediyon kuma suna tsabtace abin da yake fitarwa. Sai dai amfilifaya ita ma tana haifar da nata ragowar bayan matatar, don haka ake bukatar abu na uku a bayanta, ko babbar matata mai jure cikakken ƙarfi, ko guntun kebul da aka yanka daidai awo. Wannan guntun kebul dabara ce mai arha. A ɗauki kebul RG-213, wanda sigina ke tafiya cikinsa da kashi 66 cikin ɗari na saurin haske, a yanka rubu'in tsawon igiyar mita 40, wajen mita 7, a haɗe wayar tsakiya da ta waje a ƙarshensa, a jona ɗaya bakin a layin eriya da mahaɗi mai siffar T. A megahaz 7 kamar babu shi, amma a 14 da 28 yana shanye ragowar, yana rage ta da desibel 25 zuwa 30. Abin lura shi ne ba ya taɓa 21, saboda ninki na uku yana wucewa kamar na farko. Tawagar da ta manta da wannan za ta ga mai mita 15 yana ta ƙorafi alhali kowa na cewa ai an sa kebul. Kuma ba a yanka shi da tef kaɗai: a bar shi da ɗan tsawo, a riƙa datsewa kaɗan-kaɗan ana dubawa da na'urar auna eriya har wurin da yake shanye sigina ya faɗo inda ake so.

Akwai ƙarar da matata ba ta magani, domin ba daga rediyo take fitowa ba. Mahaɗin da ya yi tsatsa, kwanon rufi da ya saki, wayar da ke riƙe hasumiya tana gogar ƙarfe, ko ƙaramar cajar waya da aka bari a soket, duk suna iya karɓar sigina mai ƙarfi su haɗa ta da wata su sake watsawa a matsayin hayaniya. Hanyar gano su ita ce gwajin da ya kamata a yi kwana biyu kafin gasa: a kunna zango ɗaya da ƙaramin ƙarfi, sauran biyar su saurara su rubuta abin da suka ji, a ƙara ƙarfi a hankali, sannan a koma zango na gaba. Zango shida na nufin haɗuwa 30 da za a duba. Aiki ne mai gundura, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa idan ɗaga eriya ya cinye lokaci. Daga wannan gwajin ake fitar da yarjejeniyar gurbi, misali mai mita 40 ya zauna inda ninkinsa zai faɗa nesa da inda mai mita 20 yake kira, kuma kada ya matsa sai ya faɗa.

Manyan tawagogi suna sa mutum biyu a zango ɗaya, mai zaman kira da mafarauci, kowa da rediyonsa. Doka ta ce sigina ɗaya tak a zango a kowane lokaci, saboda haka ana haɗa rediyon biyu da makullin lantarki wanda ke hana na biyu watsawa muddin na farko yana kan iska. Kada a dogara da ido ko alamar hannu. Da ƙarfe huɗun asuba na dare na biyu babu wanda hankalinsa ke kan hannun wani, kuma sigina biyu a zango ɗaya laifi ne da ke iya sa a soke sakamakon tasha.

Wajen eriya, mita 20, 15 da 10 suna son Yagi, eriya mai fuskantar gefe ɗaya, a kan hasumiya ko rufin dogon gini. Daga Sahel Turai tana arewa, Amurka arewa maso yamma, Japan arewa maso gabas, don haka eriya ɗaya da aka kafe tana kallon Turai da wata mai juyawa sun fi guda ɗaya da ake ta juyawa. Ƙananan zanguna, wato mita 160, 80 da 40, su ne masu wuya. Rubu'in igiyar mita 160 ya kai mita 40 a tsaye, shi ya sa ake lanƙwasa waya, wani sashe ya hau sama, saura ya miƙe a kwance. Busasshiyar ƙasa mai yashi ba ta taimakon irin wannan eriya, sai an shimfiɗa wayoyi da yawa a gindinta. Ji kuma ya fi watsawa wuya, domin tsawar yankuna masu zafi tana cika mita 160 da 80 da ƙara. Maganin da aka saba shi ne eriyar Beverage ta saurare kawai: waya mai tsawon mita 150 zuwa 300, a tsayin kamar mita 2 daga ƙasa, an miƙe ta zuwa inda ake son ji, an rufe ƙarshenta da resista ta wajen om 470 zuwa ƙasa. Siginar da take kawowa ba ta da ƙarfi, amma ƙarar ta fi raguwa, kuma abin da ake nema ke nan.

Wuta ma lissafi ce. Amfilifaya mai fitar da wat 1,500 tana jan wajen 2,500 daga soket lokacin da take watsawa, shida kuwa sun kai kilowat 15 kafin a sa rediyo, kwamfuta da fanka. Morse kunnawa da kashewa ne, don haka nauyin yana hawa yana sauka, kuma ƙaramin janareta zai riƙa numfashi, wutar tana rawa, sautin sigina yana lalacewa. A sa kwamfutoci da na'urar haɗa su a kan batir, saboda ɗaukewar wuta ta daƙiƙa biyu kada ta jawo minti goma na sake kunnawa.

Yanzu ga aikin kansa. Kusan babu mai aika Morse da hannu a gasa, sai don gyara ko ɗan tambaya. Manhajoji irin su N1MM Logger+, Win-Test da DXLog su ke aikawa, galibi ta ƙaramar na'urar WinKeyer wadda ke riƙe tazarar ɗigo daidai ko da kwamfuta ta shagala. Ji kuwa da kunne ne. Saurin da aka saba kalma 28 zuwa 36 ne a minti, kuma a kalma 30 ɗigo ɗaya yana ɗaukar milisakan 40. Hulɗa guda ba ta wuce haka: mai zaman kira ya aika TEST da lambar kiransa, mai amsawa ya aika tasa sau ɗaya, a maimaita masa ita tare da 5NN 35, ya mayar da 5NN 14, a ce TU, wato na gode, a wuce. 5NN gajarta 599 ce, wato rahoton ƙarfin sigina, ana sa N a madadin 9 saboda ta fi gajarta. Gwani a zango mai kyau yana wuce mutum 200 a awa.

Abin da ke raba gwani da saura shi ne yadda yake tafiyar da rububi. Tashar Afirka ninki ce ga kowa, don haka mutum hamsin suna iya kira a lokaci guda. Wanda ya tsaya jiran cikakkiyar lamba daga cikin wannan hayaniya zai daɗe, kuma shirunsa yana sa su sake kira, abin ya ƙara cakuɗewa. Ƙa'ida ita ce a kamo ko da haruffa biyu ko uku, a aika su nan take, kuma a tsaya a kansu har mai su ya fito. Idan aka aika DL5, farkon lambar Bajamushe, sannan aka karɓi wani Ba'italiye da ya yi kutse, an koya wa kowa cewa kutse yana biya, kuma daga nan rububin ya fi ƙarfin mai shi. Rage ƙarfin karɓa, buɗe matatar rediyo zuwa haz 400 ko 500, da sauraron gefe-gefe suna taimakawa, domin masu wayo suna kaucewa tsakiya da haz 50 zuwa 100 don sautinsu ya bambanta.

Cunkoson tsakiyar nan yana da dalili. Tun bayan fitowar manhajar CW Skimmer a 2008 da hanyar Reverse Beacon Network, na'urori a sassan duniya suna sauraron zanguna suna sanar da duk mai kiran CQ ta intanet cikin daƙiƙoƙi. Tawagogi suna da izinin amfani da wannan, kuma allon mafarauci yana cika da lambobi masu launi da ke nuna wanne ne sabon ninki. Kowa yana danna abu ɗaya, kowa ya sauka a gurbi ɗaya daidai. Sanarwar kuma tana yin kuskure. A Morse S ɗigo uku ce, H huɗu, 5 biyar, B da 6 ɗigo ɗaya ya raba su, haka V da 4. Mafaraucin da ya rubuta abin da allo ya nuna ba tare da ya ji tashar ta faɗi lambarta da kunnensa ba, caca yake yi da makin tawaga. Idan kuma mai zaman kira ya ga waɗanda ya riga ya yi hulɗa da su suna ta dawowa, to an sanar da shi da lambar da ba tasa ba, sai ya rage sauri ya riƙa faɗin lambarsa bayan kowace hulɗa.

Amfanin tawaga na gaske yana fitowa wajen miƙa ninki. Duk kwamfutocin suna haɗe, kowa yana ganin rajistar hulɗa ɗaya da gurbin da kowane abokin aiki yake. Idan wata tasha daga Mongoliya, shiyya ta 23, ta kira a mita 20, allo zai nuna cewa ba a same ta a mita 15 ba. Mai mita 20 sai ya aika mata QSY 21030, wato ta koma kilohaz 21,030, ya tura wa mai mita 15 saƙo, shi kuma ya dakata ya saurare ta. Ninki biyu ke nan, ƙasa da shiyya, cikin rabin minti. Yana aiki ne kawai idan an duba cewa zangon a buɗe yake zuwa can, kuma idan wanda aka miƙa wa ya yarda ya katse rububinsa. Mai aikin da ya fi damuwa da yawan hulɗarsa ta awa fiye da makin tawaga yakan yi kamar bai ga saƙon ba, kuma irinsa ya fi mai jinkirin hannu cutar da sakamako. Haɗin kwamfutocin ya fi aminci da kebul, a naɗa wayoyin USB da na hedifon a zoben ferit don sigina kada ta shiga ta daskarar da su, kuma a daidaita agogon kowace kwamfuta, tunda dokar minti 10 da ta sauyi 8 da agogon rajista ake hukunta su.

Jadawalin aiki ana gina shi ne a kan yanayin zanguna, ba a kan son rai ba. Mita 10 da 15 na rana ne, 40, 80 da 160 na dare, mita 20 tana taɓa duka biyun, kuma kusa da tsakiyar duniya manyan zanguna sukan daɗe a buɗe bayan faɗuwar rana. Mintocin fitowar rana da faɗuwarta su ne na hulɗa da nesa a ƙananan zanguna, don haka ba a sauya mai aiki a lokacin. Zama na awa uku zuwa huɗu ya isa, bayan haka kuskure yana ƙaruwa ko mutum bai ji gajiya ba. Mai karɓar aiki ya zo da minti goma, ya sa hedifon na biyu ya ji yadda rububin yake, a gaya masa inda eriya ke kallo da ninkin da ake jira, sannan su sauya kujera tsakanin hulɗa biyu ba tare da gurbin ya yi shiru ba. Shirun minti ɗaya a mita 20 ya isa wani ya zauna a wurin. Kuma a naɗa mutum ɗaya mai yanke hukuncin sauya zango, musamman a rukunin ɗaya da na biyu, inda gardamar minti biyar a kan ko a koma mita 40 ta fi kuskuren komawar tsada.

Bayan an tashi, ana aika rajista cikin wa'adin da masu gasar suka sa, a tsarin fayil na Cabrillo, kuma a rukunin ɗaya da na biyu dole kowane layi ya nuna wace na'ura ce ta yi hulɗar, 0 ko 1. Masu shirya gasar suna gwada rajistar kowa da ta kowa da kwamfuta. Hulɗar da aka maimaita ana cire ta ba tara, haka wadda aka rubuta shiyya ba daidai ba. Amma lambar kira da aka ji ba daidai ba, ko hulɗar da babu ita a rajistar ɗaya ɓangaren, ana cire ta kuma a ci tarar makinta sau biyu. A misalin da ya gabata, harafi ɗaya da aka yi kuskure a hulɗa mai maki 3 yana cin maki 9, sau ninki 600, wato 5,400, in kuma ita kaɗai ce ta kawo wata ƙasa a wannan zango, ninkin ma ya tafi. Kowace tasha tana samun rahoton kurakuranta bayan an gama dubawa, kuma da yake manhajar tana rubuta wanda ke kan kujera a kowace hulɗa, tawaga tana iya zama ta ga a wace awa, a wane zango, kuma a hannun wa aka fi zubar da maki kafin ta tsara jadawalin Nuwamba mai zuwa.